Daga Fuskar Kwamfuta Zuwa Takarda: Yadda Zanen Alƙaluma Zai Isa Lafiya

KIƊAN BUƊE SHIRI

Ina miƙa gaisuwa ga masu saurarenmu na Bodinga da Sifawa da Danchadi da Dingyadi, da na Shagari da Kajiji da Dandin Mahe da Jaredi, da duk inda muryarmu ke kaiwa.

Yau zancenmu a kan zanen alƙaluma ne, wanda 'yan makaranta ke kira giraf. Sandunan nan da ake jerawa, wata doguwa wata gajeriya, ko layin da ke hawa yana sauka, ko da'irar da ake yankawa kashi-kashi, domin mai karatu ya ga abin da lambobi ke faɗi ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ba lissafin zan koyar ba. Inda zan tsaya shi ne ɗan matakin da ke tsakanin kwamfutar da aka yi zanen a cikinta da takardar da za a buga shi a kai. Aiki ne na 'yan mintoci, amma a nan ne wahalar watanni take zubewa.

Wani zai ce, wannan ai zancen 'yan bokon birni ne, me ya haɗa shi da mu? To mu bi sawun alƙaluman mu gani. A asibitin gari ko ɗakin shan magani na ƙauye, ma'aikaciyar lafiya tana da rajista: yaran da aka yi wa rigakafi, matan da suka zo awon ciki, mutanen da aka gwada aka same su da zazzaɓin cizon sauro. Ƙarshen wata a tattara su a fom ɗaya, a kai ƙaramar hukuma, jami'in bayanai ya shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, Nijeriya kuma take tara bayanan lafiyarta a ciki. Haka hedimasta yake cike fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara: ɗalibai nawa, malamai nawa, azuzuwa nawa. Haka ɗanmu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, zai dawo gida hutu da takardun tambayoyi, ya bi manoman rani da masuntan madatsar ruwan Shagari yana tambaya yana rubutawa. Duk wannan ɗawainiya a shafin rahoto take ƙarewa, ko a kundin kammala karatu. Wanda zai yanke shawara a kai, kwamishina ne ko malamin da ke duba kundi, ba zai taso ya je garin Lambara ya ƙirga yara ba. Zanen zai kalla. In ya fito dishi-dishi, lambobin gefe ba su karantuwa, sunan garinku ya ɓace, to an yi asarar guminku ke nan, kuma ba wanda zai san an yi.

Rediyo ba ta nuna hoto, don haka wanda abin ya shafa ya jawo biro da takarda. Akwai lambobi biyu-uku da zan so a rubuta.

Kwamfuta tana da hanya biyu ta adana zane, kuma duk maganarmu ta yau a kansu take tsaye. Hanya ta farko ita ce ta ɗigo-ɗigo. Ku tuna tabarmar kaba mai ado. Daga nesa za ku ga layin ado ya tafi sumul a karkace, amma in kun matso sai ku ga ashe hawa-hawa ne, ƙananan murabba'ai ne aka jera. Hoton da waya ke ɗauka haka yake, kuma haka sikirinshot yake. Yawan ɗigon an riga an ƙayyade shi tun lokacin da aka ɗauka. In kun ja hoton don ya cika faɗin shafi, ɗigon ba ya ƙaruwa, kowanne kumbura kawai yake yi.

Ga lambar farko. Fuskar kwamfuta ta yau da kullum tana nuna wajen ɗigo 96 a kowane inci, kuma ido yana gamsuwa da haka saboda hasken da ke fitowa daga allon. Takarda ba ta da wannan sassaucin. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a inci, wasu mujallun bincike ma kan nemi 600 ko 1,000 in zanen na layuka ne da rubutu. Takardar A4 da muke amfani da ita faɗinta santimita 21 ne. In an bar santimita biyu da rabi a kowane gefe, saura 16, wato inci shida da ɗan ɗori. Zanen da zai cika wannan faɗin yana buƙatar ɗigo kusan 1,900. Sikirinshot ɗin da aka yanko daga allo sau da yawa bai wuce 600 ko 700 ba, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema. Shi ya sa abin da ya yi kyau a kwamfuta yake fitowa da hazo a takarda, ɗalibi ya yi ta zargin na'urar mai shago alhali ba laifinta ba ne.

Hanya ta biyu ba ta adana ɗigo ko ɗaya. Umarni take adanawa. A ja layi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kaurinsa kaza. A tsayar da sanda a nan, tsawonta kaza. A rubuta Bodinga a ƙarƙashinta da haruffa masu girma kaza. Masana na kiran wannan bekta. Duk lokacin da aka buɗe fayil ɗin, na'ura tana sake zana shi ne sabo, daidai da ƙarfinta. A buga shi kamar kan sarki, a buga shi kamar allon talla na bakin hanyar Jega, layinsa ba zai kakkarye ba. Kuma abin sha'awa, sau da yawa fayil ɗin ya fi na ɗigo sauƙin nauyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tura aiki da datar da ya saya da kuɗinsa.

Yanzu sunayen fayil, wato haruffan nan da ke zuwa bayan ɗigo a ƙarshen suna. PDF da SVG da EMF da EPS, waɗannan suna iya ɗaukar zanen bekta. PNG da JPG da TIFF na ɗigo ne. Zanen alƙaluma layi ne da rubutu, saboda haka gidansa na asali shi ne bekta. In tilas ta sa sai an yi na ɗigo, a zaɓi PNG, a sa ɗigo 300 ko fiye. JPG kuwa a bar wa hoton biki da hoton gona. An yi shi ne domin hoton kyamara, inda launi ke narkewa cikin launi, kuma yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da yake zaton ido ba zai lura ba. Da ya haɗu da baƙin harafi a kan farin fili sai ya bar wani datti-datti kewaye da harafin, kuma duk sanda aka gyara aka sake adanawa, dattin ƙaruwa yake yi.

Na ce PDF yana iya ɗaukar bekta, ban ce kowane PDF bekta ba ne. Mutum na iya liƙa sikirinshot a shafi ya mayar da shi PDF, ciki dai ɗigon nan ne. Gwajin mai sauƙi ne. A buɗe fayil ɗin, a yi ta ƙara girmansa har ninki takwas. In gefen haruffa ya tsaya tsaf, bekta ne. In ya fara hawa-hawa, na ɗigo ne.

Akwai wurin da na ɗigo ya fi dacewa, kada in wuce ban faɗa ba. In zanen na ɗauke da ɗigon alƙaluma dubu ɗari, ko taswira ce mai cike da ƙananan abubuwa, bekta zai yi nauyi har na'urar bugu ta tsaya cak. A nan PNG mai yawan ɗigo ya fi.

Sai wurare biyu da zane mai kyau ke lalacewa a hanya. Na farko WhatsApp. In kun tura zane a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta rage masa ɗigo don ya tafi da sauri. Ku tura shi a matsayin takarda, ta wajen da aka rubuta Document, zai isa yadda kuka aika shi. Na biyu Word. Shi ma yakan matse hotunan da aka saka masa, yawanci ya sauke su zuwa ɗigo 220 a inci, sai an shiga saitinsa an hana shi.

GAJEREN KIƊA

Jama'a masu sauraro, har yanzu muna kan batun fitar da zanen alƙaluma daga kwamfuta zuwa takardar bugu. Yanzu na zo kan abin da na fi son a riƙe a duk shirin nan, wato girma.

Kafin ka fitar da zane, ka san faɗin wurin da zai zauna a shafi. Ka auna da rula in ta kama. Sannan ka gaya wa manhajar ta fitar da shi a daidai wannan faɗin, ta yadda in ka saka shi ba sai ka ja kusurwa ka rage ko ka ƙara ba. Dalilin shi ne, in ka rage zane, rubutun cikinsa ma raguwa yake yi. Ga misali. Manhajar R, in ba ka faɗa mata komai ba, takan fitar da PDF mai inci bakwai tsawo da faɗi, kusan santimita 18, da haruffa masu girman 12. Ka ɗauki wannan ka cusa shi a mujalla mai layi biyu, inda faɗin kowane layi santimita takwas da rabi ne, haruffan sun koma ƙasa da girman 6. Dattijon da zai karanta rahoton, ko ya sa tabarau, ba zai gani ba. Rubutun cikin zane ya kamata ya yi kusa da girman rubutun shafin. In shafi na da girman 12, na zane ya tsaya tsakanin 9 da 11. Kada ya sauka ƙasa da 8.

Kuma kada a ja zane ta gefe ɗaya don ya cika fili. Da'ira ta koma ƙwai, haruffa su baje, hawan layi ya zama ƙarya.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Wanda ya zana sanduna 23 a tsaye, sunaye na ƙasa, wuri ba zai ishe shi ba. Excel zai fara karkata sunayen, in har yanzu ba su shiga ba sai ya riƙa nuna ɗaya yana tsallake ɗaya. To ku lissafa jerin da aka saba gani a takardun gwamnati. Binji ce ta ɗaya, Bodinga ta biyu. Sabon Birni ta 13, Shagari ta 14. In ana nuna ta ɗaya da ta uku da ta biyar, Bodinga da Shagari duka sun faɗa cikin waɗanda aka tsallake. Sandarsu na nan, amma ba suna. Maganin bai da wuya: a kwantar da sandunan, sunaye su jeru a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, a ba zanen tsawo sosai. In so samu ne a jera su daga babba zuwa ƙarami, mai karatu ya ga matsayin garinsa da kallo ɗaya.

Tun da muna kan sanduna, a duba inda layin tsaye ya fara kafin a fitar. A ƙidayar jama'a ta 2006, ƙaramar hukumar Bodinga tana da mutum wajen 175,000, Shagari kuma sama da 156,000. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba. Amma in layin ya fara daga 150,000 maimakon sifiri, sandar Bodinga za ta tashi da 25, ta Shagari da 6, ido ya ga kamar Bodinga ta ninka Shagari kusan sau huɗu. Ba wanda ya yi niyyar ruɗi, domin Excel da kansa yakan ɗaga mafarin layin in alƙaluma suna kusa da juna. Sai dai wanda zai raba gidan sauro ko littattafai da wannan zanen a gabansa, da abin da idonsa ya gani zai tashi. Zanen sanduna daga sifiri yake farawa, a nan ba na sassautawa. Zanen layi, kamar na zafin rana wata-wata, shi yana iya farawa daga inda ya dace, muddin an rubuta lambobin a fili.

Sai launi. A allo, ja da kore da shuɗi suna burgewa. Amma mu yi wa kanmu adalci, shafi nawa ake bugawa da kala a shagunanmu? Kwafi ɗaya na kala, sauran duk fotokwafi baƙi da fari. Ja da kore in sun bi ta na'urar fotokwafi sukan fito toka-toka iri ɗaya, sai a rasa wanne ne maza wanne ne mata, wanne ne bara wanne ne bana. Ga kuma mutanen da Allah ya halitta ba su bambance ja da kore sosai, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. Don haka a bambanta abubuwa da duhu da haske: ɗaya baƙi, ɗaya toka, ɗaya fari mai baƙin gefe. In layuka ne, ɗaya ya tafi sumul, ɗaya tsinke-tsinke, ɗaya ɗigo-ɗigo, a kuma rubuta sunan kowanne kusa da shi maimakon a tura mai karatu wani akwati a gefe. Launin bayan zane a cire shi, tawada kawai yake sha. Da'irar nan mai kauri da ake karkatawa kamar za a ɗauke ta da hannu, ita kam a rabu da ita, domin yankin da ke gaba kullum yakan fi girmansa na gaskiya a ido.

GAJEREN KIƊA

Yanzu ga wata matsala da Bature mai rubuta littafin koyar da kwamfuta ba zai gaya maka ba, domin ba ta same shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Sun zauna a rubutun Hausa na boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta kai su ko'ina. Yau ana ƙara buga rahotanni da takardun wayar da kai da Hausa, ɗaliban sashen harsunan Nijeriya kuma da Hausa suke rubuta kundinsu. Mutum ya rubuta Yawan ɗalibai a ƙauyuka a saman zanensa, ya gani daidai a allo, ya fitar, ya buɗe, sai ya tarar da ɗigo ko ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin kowane harafi mai lanƙwasa.

Sanadin biyu ne. Ko dai salon haruffan da aka zaɓa, wato font, ba shi da waɗannan haruffa tun asali, ko kuma yana da su amma bai bi fayil ɗin ya tafi ba, kwamfutar mai shago kuma ba ta da shi, sai ta musanya da wanda ta samu. Na farko ana magance shi da zaɓen salon da aka san yana da haruffanmu. Akwai Charis SIL da Andika da Gentium, akwai Noto na kamfanin Google, akwai DejaVu, kuma duk kyauta ake sauke su. Na biyu kuma sai a tabbatar salon ya shiga cikin PDF ɗin. A manhajar Adobe ta karanta PDF, in an buɗe bayanan fayil aka duba sashen haruffa, za a ga an rubuta Embedded a gaban kowane salon da ya shiga. Masu aiki da R su lura: umarnin pdf na asali ba ya gane haruffanmu, ɗigo yake sa wa a madadinsu, ya kuma yi wani gargaɗi da yawanci ba a karantawa. A yi amfani da cairo pdf, shi yana ganewa, yana kuma saka salon a ciki.

Masu gidajen ɗab'i da ke tsara shafi da CorelDRAW suna da tasu dabara. Sukan mayar da rubutu ya zama zane kafin su tura aiki, ta yadda ba ya buƙatar wani salo a ɗaya kwamfutar. Dabara ce mai kyau, amma bayan an yi ta ba a iya gyara harafi, don haka a ajiye kwafin da ba a mayar ba. Abin da ba na so shi ne a ce tun da lanƙwasa na ba da wahala, a cire ta kawai a rubuta k da d da b. Yaron da ke aji uku a Sifawa malaminsa na koya masa ya lanƙwasa, bai kamata ya ga takardar hukuma ta yi watsi da abin ba.

Bari in bi manhajojin da aka fi amfani da su a gurguje. A DHIS2, wajen da ake zana bayanai yana da maɓallin saukewa, zai ba ka zaɓi tsakanin PNG da PDF, ba ka da dalilin ɗaukar sikirinshot. A SPSS, wadda ɗaliban ilimi da zamantakewa suka fi sani, ka danna zanen da maɓallin dama ka zaɓi Export. A R, masu amfani da ggplot2 suna da umarnin ggsave, inda za su faɗi faɗi da tsawo da santimita. Masu bin tsohuwar hanya kada su manta da rufe fayil da umarnin dev off, in ba haka ba zai ƙi buɗuwa.

In Word ne masaukin zanen, sababbinsa suna karɓar SVG, tsofaffi kuma EMF. EPS kam Microsoft ta toshe hanyarsa tun watan Afrilun 2017, saboda masu kutse suna ɓoye cuta a cikinsa. Ga kuma gargaɗi ga ma'aikatan lafiya musamman. In ka kwafo zane daga Excel ka liƙa a Word, ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan liƙawa yana ɗauko fayil ɗin Excel ɗin gaba ɗaya ya ɓoye shi a bayan zanen. Duk wanda ka tura wa rahoton zai iya danna zanen ya buɗe shi. In akwai sunayen marasa lafiya da sakamakon gwajinsu a wani shafi na fayil ɗin, ka fitar da sirrin mutane ba ka sani ba. Rahoton da zai fita daga ofis, a liƙa zanen a matsayin hoto, ko a tura shi PDF.

Ɗalibanmu na lissafi da kimiyya da injiniya za su haɗu da wata hanyar tsara shafi mai suna LaTeX. Asalinta wani masanin kwamfuta ne na Jami'ar Stanford a Amurka, Donald Knuth, wanda aka kawo masa gwajin bugu na littafinsa, ya ga yadda lissafin ya fito bai yi masa ba, sai ya zauna ya ƙirƙiri manhajar TeX a 1978. Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kanta a shekarun 1980. A nan ba a jan zane da hannu. Sunan fayil ake rubutawa cikin umarnin includegraphics, a faɗi faɗinsa, manhajar ta nemo masa wuri, ta ba shi lamba, in an ƙara wani zane a gaba ta gyara lambobin da kanta. PDF ne abin da ta fi so, tana kuma karɓar PNG da JPG. Mai rubutu da Hausa ya yi amfani da XeLaTeX ko LuaLaTeX, domin su ne ke ba shi damar ɗaukar salon haruffan da ke kwamfutarsa, sai ya sa salo ɗaya a shafi da cikin zane, aikin ya fito kamar hannu ɗaya ne ya yi shi.

Ko da wace manhaja ce, taken zane ba a cikin hoton ake rubuta shi ba. A ƙarƙashinsa ake rubutawa, a jikin takardar, tare da lambarsa da inda aka samo alƙaluman da shekararsu. Abin da zai zauna cikin zanen shi ne sunan kowane layi da ma'auninsa: buhu ne ko tan, naira ce ko kashi cikin ɗari. Fayil ɗin asali da aka yi zanen da shi a adana shi a filash da wani wuri na biyu, domin malami zai ce a gyara, kuma hoto ba ya gyaruwa.

Ƙasar nan tamu ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa a Bodinga. An yi rubuce-rubuce da yawa a waɗannan shekaru, kuma da hannu aka riƙa kwafe su suna yaɗuwa. A al'adar malamai, kwafi ba ya zama abin dogaro sai an gwada shi da asali, wani na karantawa wani na bi, abin da aka tsallake a mayar da shi a gefen shafi. Irin wannan bitar nake so a yi wa zane. Kafin ka biya kuɗin buga kundi gaba ɗaya da ɗinke shi, ka ce wa mai shago ya buga maka shafi ɗaya mai zane. Ka ba shi ya yi fotokwafin wannan shafin, domin shi ne abin da yawancin mutane za su riƙe. Ka fita da shi waje cikin haske, ka miƙa hannu da shi, ka ga ko kana iya karanta mafi ƙanƙantar lamba. Ka ƙirga sunayen garuruwa. Ka duba lanƙwasa. Ka ɗauki sanda biyu ko uku ka gwada su da abin da ke cikin rajista ko teburinka. Sannan ka miƙa wa wanda bai san aikin ba, ka yi shiru, ka ji abin da zai ce ya gani. Kuma duk aikin da za ka kai shago, ka kai shi a PDF da ka fitar a kwamfutarka, domin fayil ɗin Word yakan sauya tsari in ya shiga wata kwamfutar, zane ya tsallaka wani shafi ya bar bayaninsa a baya.

Jama'a, lokaci ya cim mana, a nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki teburin alƙaluma, yadda ake jera lambobi su daidaita, da inda ake sa jimla.

KIƊAN RUFE SHIRI